Hoton Ciki na Zamani: Wanne Ke Ceton Rai, Wanne Ne na Kallo?

A manyan garuruwan Arewa, da wuya mutum ya bi titin da ke kusa da babban asibiti bai ga allon wani wurin ɗaukar hoton ciki ba. A da abin da ake rubutawa a allon bai wuce sikanin ba. Yanzu an ƙara 3D da 4D, wasu ma har da 5D, kuma kuɗin yana hawa ne tare da lambar. Maigida mai son kyautata wa iyalinsa yakan zaɓi mafi tsada, a zatonsa shi ne mafi amfani. Likitocin da suka ƙware a lura da ɗan tayi ba haka suke lissafin ba. A wurinsu hoton da ya fi tsare rayuka shi ne wanda ba wanda zai so ya rataya a bango, wato baƙi da farin nan mai dishi-dishi, sai kuma wani zane mai hawa da sauka da ke nuna gudun jini.

Duk nau'o'in tushensu ɗaya ne, kuma babu hasken eksire a ciki. Sauti ne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa guda, shi kuwa ɗan ƙarfen da ake gogawa a kan ciki yana aika wanda ke kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5. Sautin yana ratsa nama da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi ƙashi ko tsoka ya dawo, na'ura ta lissafa nisan daga lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka. Ƙashi yana fitowa fari fat, ruwa baƙi ƙirin. Man nan mai sanyi da ake shafa wa mai ciki aikinsa korar iska daga tsakanin fata da na'ura, domin iska tana tare sautin.

Abin ya faro ne daga masana'anta. A 1955, Ian Donald, farfesan haihuwa a Glasgow ta Sikotilan, wanda ya san aikin rada tun yaƙin duniya na biyu, ya kwashi ƙarin da aka cire wa mata a tiyata ya kai kamfanin Babcock & Wilcox, inda ake da na'urar gano tsaga a jikin ƙarfe. Na'urar ta bambance ƙari mai ruwa da mai tauri. A 1958 shi da likita John MacVicar da injiniya Tom Brown suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet. Daga nan ne ƙofar ta buɗe.

Kafin a zo kan nau'in na'ura, akwai batun lokaci, kuma nan ne aka fi yin asara a ƙasar Hausa. Mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito, wasu don kunya, musamman a cikin fari, wasu don gudun baki da ido, wasu don nisan asibiti. Alhali kuwa hoton da aka ɗauka a watanni ukun farko, inda ake auna tsawon ɗan tayi daga ka zuwa mazaunai, yana faɗar kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Wanda aka ɗauka a watanni ukun ƙarshe kuwa yana iya kaucewa da mako uku gaba ko baya. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Likitan da bai san ainihin kwanakin ciki ba ba zai iya rarrabe jaririn da ya tsumbure a ciki da wanda kawai bai kai ba, kuma ba zai san ko ciki ya wuce lokacinsa ba. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24.

A farkon ciki, hoton da ya fi fitowa tar shi ne wanda ake ɗauka ta gaba, da siririyar na'ura da aka sa wa riga mai tsabta. Da yake ta fi kusa da mahaifa, ana iya amfani da sauti mai saurin kaɗawa, wanda ba ya nisa amma yana fito da ƙananan abubuwa. Da ita ake ganin bugun zuciya tun wajen mako na shida, da ita ake gano cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin ɗari kuma yake iya fashewa ya kashe ta da zubar jini ta ciki. Can tsakiyar ciki kuma, da ita ake auna tsawon bakin mahaifa. Idan ya gajarce zuwa milimita 25 ko ƙasa kafin mako na 24, akwai barazanar haihuwar bakwaini, kuma akwai maganin da ake sawa ko ɗinkin da ake yi don rage ta. Na'urar ba ta taɓa ɗan tayi, ba ta jawo ɓari. Mata da yawa suna ƙin ta saboda kunya, kuma haƙƙinsu ne su nemi mace ta yi musu.

Tsakanin mako na 11 da ƙarshen na 13 akwai wani awo na musamman da Farfesa Kypros Nicolaides na asibitin King's College da ke Landan ya fito da shi a farkon shekarun 1990. Kowane ɗan tayi yana da ɗan ruwa a ƙarƙashin fatar ƙeyarsa. Idan ruwan ya yi kauri, musamman daga milimita 3.5 zuwa sama, yiwuwar larurar Down ko nakasar zuciya tana ƙaruwa. Awon ba ya yanke hukunci, yana nuna wanda ya kamata a ƙara bincika ne, kuma jarirai da yawa masu kaurin ƙeya ana haifarsu lafiya lau. Tun da ana maganar gutsuren milimita ne, hannun da bai samu horo ba yana iya tayar wa iyali hankali a banza.

A wannan lokacin ne kuma ake warware babbar tambaya game da tagwaye: mabiyiya ɗaya suke da ita ko kowa da tasa? Idan ciki ya tsufa amsar tana wuyar gani. Tagwayen da suka haɗa mabiyiya suna da jijiyoyin da suka sarƙu, kuma a kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari jini yakan riƙa kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan, wannan ya bushe, wancan zuciyarsa ta gaji da nauyi. Ƙa'ida ita ce a duba irin waɗannan duk mako biyu daga mako na 16. A manyan cibiyoyi na duniya ana ƙone jijiyoyin da suka haɗu da hasken leza tun suna ciki. A Najeriya, ƙasar da aka sani da yawan haihuwar 'yan biyu, rahoton da ya ce "tagwaye ne" ya yi shiru bai cika aikinsa ba.

Sai babban dubawa na tsakiyar ciki, tsakanin mako na 18 da na 22, inda ake bin jikin ɗan tayi gaɓa-gaɓa: ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, leɓe, ƙashin baya, ɗakuna huɗu na zuciya, ciki, ƙoda, mafitsara, hannaye da ƙafafu, da wurin da mabiyiya ta kwanta. Wanda aka yi yadda ya kamata yana cin rabin sa'a ko fiye. Duk da haka ba komai yake gani ba. A Ingila, inda ake neman larurori 11 a wannan dubawa, abin da ake sa rai shi ne a gano kusan duk jariran da ƙoƙon kansu bai haɗu ba, da wajen tara cikin goma na masu buɗaɗɗen ƙashin baya, amma rabi kacal na masu babbar nakasar zuciya. Idan haka abin yake a can, sai a auna dubawar minti biyar da aka yi a ɗakin da layi ya kai bakin titi.

Zuciya ce mafi wuya. A mako na 20 ba ta fi ɗan yatsa girma ba, tana bugawa wajen sau 140 a minti, mai ita kuma yana juyi. Kusan jariri 8 cikin 1,000 ana haifarsu da nakasar zuciya. Saboda haka akwai hoton zuciyar ɗan tayi na musamman, wanda ake yi wa mai ciwon sukari tun kafin ciki, ko wadda ta taɓa haifar mai irin larurar, ko wadda aka ga abin shakka a dubawarta. Amfaninsa shi ne a san inda ya kamata a haihu da wanda zai tsaya a kan jaririn a sa'o'insa na farko.

Game da mabiyiya, kalmar "ta sauko ƙasa" tana firgita mata fiye da kima. Wajen tara cikin goma na waɗanda aka gani a ƙasa a mako na 20 suna matsawa sama yayin da mahaifa ke girma. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta toshe bakin mahaifa har ƙarshe, balle a ce ta kwanta a kan tabon tiyatar haihuwar baya ta nutsa cikin naman mahaifa. Gano wannan tun kafin naƙuda shi ke ba da damar tanadar jini da ƙwararrun likitoci.

Nau'in da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Dofla. Sunan na Christian Doppler ne, masani ɗan Ostiriya da ya bayyana a 1842 cewa kaɗawar haske ko sauti tana sauyawa idan abin da ke fitar da ita yana tahowa ko yana tafiya, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya idan ta wuce mutum. Ƙwayoyin jini ma tafiya suke yi, don haka sautin da ya buge su yakan dawo a sauye, kuma daga nan ake lissafa gudunsu da inda suka nufa. Ja da shuɗin da ake gani a allo alamar alkibla ce kawai: ja mai tahowa wajen na'ura, shuɗi mai nisantarta. A 1977 wasu masu bincike biyu a Dublin, FitzGerald da Drumm, suka auna gudun jini a igiyar cibiya da wannan hanya.

Ga abin da ake nema. Lafiyayyar mabiyiya tana karɓar jini cikin sauƙi, har jini ya ci gaba da gudana zuwa gare ta ko a tsakanin bugun zuciya biyu. Idan ta fara lalacewa, kamar yadda yake faruwa a hawan jinin masu ciki, gudun tsakanin bugun sai ya ragu, daga baya ya tsaya, a ƙarshe ma jinin ya riƙa komowa baya. Kowane mataki yana da ma'anarsa, na ƙarshen kuwa yana nufin jariri yana bakin halaka. Shi ma jaririn yana da dabararsa: idan iskar da ke isa gare shi ta yi ƙaranci, sai ya buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya rage wa hanji da ƙoda, kuma Dofla tana ganin wannan a jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa. Da waɗannan awo likita ke yanke shawara mafi nauyi a aikinsa, wato ko a bar jariri ya ƙara kwana a ciki ko a yi wa uwa allurar ƙarfafa huhunsa a fito da shi. Nazarin da cibiyar Cochrane ta yi, inda ta tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa a ciki mai haɗari, amfani da Dofla na igiyar cibiya ya rage mutuwar jarirai gab da haihuwa da bayanta da kusan kashi 29 cikin ɗari. Nau'o'in hoton ciki kaɗan ne ke da irin wannan shaida a bayansu.

Ba nan Dofla ta tsaya ba. Uwar da jininta yake Rhesus mai ragi tana iya samar da sinadarin da ke farfasa jinin ɗanta, abin da ke sa wasu mata yin ta haihuwar 'ya'ya ba rai ana ɗora wa iska ko sammu. A da sai an soka allura an ɗebi ruwan mahaifa sau da yawa kafin a san halin da jariri ke ciki. A 2000 Giancarlo Mari da abokan aikinsa suka nuna cewa jinin da ya tsinke ya fi gudu, saboda haka auna gudunsa a ƙwaƙwalwa ya isa a gane ƙarancin jini, a ƙara wa jariri jini tun yana ciki idan akwai hali. Haka kuma Dofla na jijiyoyin mahaifar uwa, idan aka haɗa da awon hawan jini da gwajin jini a mako na 11 zuwa 13, yana nuna wadda ke cikin barazanar hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga. A gwajin ASPRE na 2017, ba irin waɗannan mata asfirin miligiram 150 kullum ya rage kamuwa da larurar kafin cikar lokaci da kashi 62 cikin ɗari. Wannan ba izini ba ne ga mai ciki ta saya a kemis, magana ce ta likita.

To ina 3D da 4D suka shigo? Kazunori Baba na Japan ya fara haɗa hoton ɗan tayi mai tudu da kwari a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin Kretztechnik na Ostiriya kuma ya fitar da irin na'urar kasuwa a 1989. Abin da take yi shi ne ɗaukar ɗaruruwan hotuna na yau da kullum a jere, kwamfuta ta harhaɗa su su zama siffa. Idan aka yi haka da sauri har ana ganin motsi, shi ne 4D: jariri yana hamma, yana tsotsar yatsa. HDlive na kamfanin GE ya ƙara haske da inuwa na kwamfuta. Launin fatar nan mai ruwan zuma fenti ne na na'ura, ba ya faɗar ko yaro fari ne ko baƙi. Shi kuwa 5D suna ne na talla da aka laƙaba wa wasu manhajojin da ke sarrafa hoto da awo da kansu.

Tsakani da Allah, 3D yana da aikinsa. Idan an ga alamar tsagewar leɓe, yana nuna girmanta yadda iyaye da likitan tiyata za su fahimta. Yana taimakawa wajen duba ƙashin baya, murɗaɗɗiyar ƙafa, wasu sassan ƙwaƙwalwa da siffar mahaifa, kuma ana iya adana hoton zuciya gaba ɗaya a tura wa ƙwararre a wani gari ya yayyanka shi a kwamfutarsa. Amma duk wannan yana zuwa ne bayan hoton baƙi da fari ya nuna inda matsala take. Ba a samu shaidar cewa yi wa kowace mai ciki 3D yana rage mutuwa ko nakasa ba. Kyakkyawar fuska a allo ba ta cewa komai game da ƙoda ko mabiyiya. Kuma ko don kallon ne, sai an dace: tsakanin mako na 26 da na 30, da isasshen ruwa a gaban fuska, jariri bai juya baya ba, bai kuma kare fuska da hannu ba.

A Amurka har kasuwa ta kafu ta shagunan da ke sayar wa iyaye bidiyon ɗan tayi don ajiye tarihi. A 2005 ɗan wasan fim Tom Cruise ya bayyana cewa ya sayi na'urar ya kai gida, likitoci suka yi masa ca. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta daɗe tana gargaɗi a kan haka, jihar Connecticut kuma ta hana shi da doka a 2009. Dalili shi ne, duk da cewa shekaru sama da sittin ba a tabbatar da wata illa daga hoton asibiti ba, sautin ƙarfi ne da ke iya ɗumama nama kaɗan. Na'urorin zamani suna nuna ma'aunin zafi a gefen allo, kuma ƙa'idar aikin ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a mafi gajeren lokaci. Dofla ta fi sauran ƙarfi, shi ya sa ba a son kunna ta a makonnin farko don kawai a jiyar da iyaye bugun zuciya.

Tambayar "mace ce ko namiji?" hoton baƙi da fari ma yana amsa ta daga tsakiyar ciki, kuma yana kuskure wani lokaci. A Indiya, saboda yadda ake zubar da cikin 'ya'ya mata, dokar 1994 ta haramta faɗar jinsi kwata-kwata.

Akwai wani bincike da ya kamata duk gwamnan da ke shirin sayo na'urori ya sani. An yi shi a Kongo, Kenya, Zambiya, Pakistan da Guatemala, ya shafi haihuwa wajen 47,000, aka buga sakamakonsa a 2018. An horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, aka yi wa mata hoto sau biyu. An gano matsaloli kuwa, amma mutuwar uwa da ta jariri ba ta ragu ba. Masu binciken sun nuna cewa matsalar tana bayan hoton ne: asibitocin da ake tura matan ba su inganta ba. Darasin ya shafi Najeriya kai tsaye, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma bai kai kashi 20 ba. Asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da ƙwararru, amma tsakanin takardar hoton da aka ba mace a ƙauye da ƙofarsu akwai kuɗin mota, yardar maigida, gado da jakar jini.

Wataƙila shi ya sa sababbin abubuwan da suka fi ba da fata ba su da ƙawa. A Afirka ta Kudu an ƙera Umbiflow, ƙaramar na'urar Dofla da ba ta nuna hoton jariri sam, sai zanen gudun jini a igiyar cibiya, kuma nas ce ke sarrafa ta. Da aka gwada ta a unguwar Mamelodi kusa da Pretoria, a kan matan da aka ɗauka ba su da wata matsala, an samu masu lalatacciyar mabiyiya fiye da yadda ake samu a ƙasashe masu arziki, kuma haihuwar jarirai ba rai ta ragu a cikin waɗanda aka auna aka tura gaba. Akwai kuma na'urorin aljihu irin Butterfly iQ da ake jonawa da waya. A 2022 masu bincike daga jami'ar North Carolina da Lusaka ta Zambiya suka nuna cewa idan ma'aikaci ya goga na'ura a kan ciki ta wasu layuka da aka tsara, ba tare da ya san abin da yake gani ba, manhaja mai ƙirƙirarriyar basira tana faɗar kwanakin ciki da kuskuren kusan kwana 4, daidai da ƙwararre ko ma ta ɗan fi shi. Yanzu ana ƙoƙarin koya wa irin waɗannan manhajoji gane tagwaye, da jaririn da ya zo ta ƙafa, da mabiyiyar da ta sauko, abubuwan da ungozomar ƙaramin asibiti ke buƙatar sani tun ciki yana wata bakwai don ta tura mace gari kafin naƙuda ta tashi.